Yadda zaka auna tsaga a jikin siririn bututu mai matsi da kyamara da fenti

Duk shekara in lokacin firojet ya zo zaka ga 'yan aji biyar na injiniyan kanikanci a Samaru suna neman gejin auna miƙewa ɗin nan da ake mannawa a jikin ƙarfe mai 'yan wayoyi biyu, su zaga Sabon Gari su zaga PZ babu, sai dai a yi oda daga Legas ko daga waje, ga tsada, kuma in ka manna shi labarin wuri ɗaya tak zai baka. To in abin da kake bi tsaga ce a jikin siririn bututu da ruwa ko iska ke tokare da shi daga ciki, gejin bazai kai ka ko'ina ba, domin tsagar tafiya take, kafin ka ankara ta wuce inda ka manna. Hanyar da zan yi bayani ita ce wadda ake kira DIC, wato Digital Image Correlation, a taƙaice ka yayyafa wa jikin ƙarfen ɗige-ɗigen fenti, ka ɗauki hoto kafin matsi, ka ci gaba da ɗauka ana ƙara matsi, sai kwamfuta ta bi kowane ɗan yanki na ɗigon ta faɗa maka inda ya matsa da nawa ya miƙe. Ba sabon abu bane, Peters da Ranson sun fitar da ita a 1982 a Jami'ar Karolina ta Kudu a Amurka, Sutton da abokan aikinsa suka ɗora a 1983, abin da ya canza kawai yanzu kyamara da kwamfuta sun yi araha har ɗalibi zai iya taɓawa.

Wanda yake kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta nan Zariya ya san dalilin da yasa ake damuwa da wannan fannin. A 1954 jiragen Comet biyu na Ingila suka tarwatse a sama, ɗaya a Janairu kusa da tsibirin Elba ɗaya a Afrilu kusa da Naples, sai da aka tsoma gangar jikin wani Comet ɗin cikin ƙaton tankin ruwa a Farnborough ana hura shi ana saki har ya tsage sannan aka gane gajiyar ƙarfe ce a kusurwar taga. A 1988 kuma rufin wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yaye a sararin Hawaii. Jikin jirgi, tukunyar gas, tankin kwamfireso na mai faci, bututun gas na AKK, wato Ajaokuta-Kaduna-Kano, mai tsawon kilomita 614 da ya ratso jihar Kaduna zuwa Kano, duk dangi ɗaya ne, bango siriri da matsi a ciki.

Ka fara da biro da takarda

Kar ka taɓa fenti sai ka yi lissafi, don shine zai zame maka ma'aunin gane ko kwamfuta gaskiya take faɗa maka ko ƙarya. Ana kiran bango siriri in rabin faɗin bututun, wato r, ya ninka kaurin bangon t sau 10 ko fiye. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu tafi da shi har ƙarshe, bututun alminiyam mai faɗin milimita 100, kauri milimita 1, tsawo rabin mita, matsi bar 20 wato MPa 2.

Ƙarfin jan da ke kewaya bututun shine matsin p sau r a raba da t, 2 sau 50 a raba da 1, MPa 100 kenan. Wanda ke jan shi ta tsawo rabin haka ne, MPa 50, shi yasa kullum bututu ta tsawonsa yake darewa. Miƙewar kewaye kuma, da E na alminiyam, wato ma'aunin ƙin miƙewarsa, kusan MPa 70,000 da lambar Poisson, wato yadda yake tsukewa ta gicciye in an ja shi, 0.33, zaka samu 100 a cire 16.5, wato 0.33 sau 50, abin da ya rage a raba da 70,000, wajen 1190 cikin miliyan. Ka rubuta wannan lambar a bangon littafinka, zamu dawo gare ta.

Yanzu a saka tsaga mai tsawon milimita 20 ta tsawon bututun wadda ta huda bangon gaba ɗaya, rabinta, wato a, milimita 10. Da a shimfiɗaɗɗen faranti ne K, wato ma'aunin tsananin jan da ke taruwa a bakin tsaga, zai zama 100 sau √(π sau 0.01), kusan 17.7 MPa√m. Amma a bututu leɓunan tsagar basa zama a kwance, matsin yana turo su waje su kumbura, kuma kumburin nan yana ƙara yage bakin tsagar. Folias ya fitar da lissafinsa a 1965, M, wato lambar da ake ninka K da ita saboda kumburin, daidai yake da √(1 + 1.61a²/rt), a namu misalin a²/rt ya zama 2, M ya zama 2.05, K ya haura 36. Kaga tsaga ɗaya, ƙarfe ɗaya, amma don kawai an naɗe shi ya zama bututu haɗarin ya ninka biyu. Kuma da M ɗin zaka yi hasashen inda zai fashe, ka ɗauki matsakaicin ƙarfin da ƙarfen ke fara lanƙwasa da wanda yake tsinkewa ka raba da M, abin da ya fito jan kewaye ne, sai ka yi shi sau t a raba da r ka samu matsin. In alminiyam mai tauri ne irin 6061-T6 zaka samu wajen bar 28, in mai laushi ne irin na masu haɗa taga da ƙofa zai iya tafiya tun bai kai bar 20 ba. Mai shago bazai iya faɗa maka wane iri ya sayar maka ba, don haka ka yanki 'yar tsiri daga bututun ka kai injin ja na lab a gwada.

Ruwa, ba iska ba

Wannan ba abin muhawara bane. Bututun namu yana cin kusan lita 4, in ka cika shi da iska a bar 20 ƙarfin da ke ƙunshe ciki ya kai wajen jul 10,000, in ya fashe gutsattsarin ƙarfe ne zasu tashi. In ruwa ne a matsi ɗaya, har da ɗan miƙewar bututun, bai kai jul 20 ba, zai tsage ya yi tsartuwa matsin ya faɗi shi kenan. Dan Allah kar wani ya ce maka ai ga kwamfireso nan a wokshof a yi sauri. Ka nemi famfon hannu irin wanda falamba ke gwada layin ruwan gida da shi, mai ɗan tanki da geji, yawancinsu suna kai bar 50. Kuma kar ka kuskura ka ɗauko tsohuwar tukunyar gas ka ce zaka yanka mata tsaga, ko da an rantse maka babu komai ciki.

Murafen bakin biyu ka kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su yi maka, ɗaya da ramin shigar ruwa, ɗaya da ƙaramin bawul na fitar iska a can sama. Ka sani a bar 20 kowane murfi ana tura shi da kusan tan 1.6, ba abin riƙewa da gam bane. Akwai kuma wani abu da ke rikita mutane anan, in ka yi waldar murafen a jikin bututun to shi ke ɗaukar jan tsawon nan na MPa 50, amma in ka ɗaure su da dogayen kusoshi daga wannan murfi zuwa wancan da zoben roba a tsakani, kusoshin ne suka ɗauke, bututun ya huta, sai miƙewar kewaye ta zama 1430 maimakon 1190. Duka biyun ana yi, kawai ka san wanne kake ciki. Wajen cikawa ka ɗaga ɓangaren bawul ɗin sama, ka yi ta bugun famfo kana ɗan ƙwanƙwasa jikin bututun har ruwa ya fito zalla babu kumfa sannan ka rufe. In hannun famfon yana yi maka laushi kamar yana dawowa, akwai sauran iska, ka sake.

Ita tsagar, ka huda ɗan rami na milimita 1 ka zura siririn zarton maƙeran zinariya ka yanka ta tsawo, sannan ka kaifafa bakin biyu da sabuwar reza. Wanda yake da haƙuri zai yi ta hura bututun yana saki a ƙaramin matsi har tsaga ta gaskiya ta tsiro daga bakin yankan, wannan ya fi, domin bakin zarto dakusasshe ne zai nuna maka ƙarfen ya fi ainihin ƙarfinsa. In baka yi ba to ka rubuta a rahoto cewa yanka ne da reza. Ta ciki kuma sai ka toshe kar ruwa ya zube, ka yanko ɗan falle daga gwangwanin lemo ka shafa masa giris ka kwantar a ƙarƙashin tsagar, ka rufe da robar tub ɗin keke mai faɗi ka manne gefunan robar kaɗai. Kar ka manne fallen a jikin bututun, in ka yi ya zama faci yana riƙe leɓunan tsagar, duk abin da ka auna daga nan na faci ne.

Fenti

Anan aikin yake, wallahi rabin matsalar da ake ɗora wa softwaya daga fenti take. Ka goge wurin da lallausar sandfefa ka wanke da tina ya bushe. Ka zura 'yar takarda a cikin tsagar kar fenti ya haɗe ta. Sai farin fenti na feshi marar ƙyalli, shafi siriri sosai, sau biyu ko uku daga nesa, iya dai ƙarfen ya daina walƙiya. In ya yi kauri fentin zai riƙa tsagewa da kansa ko ya ɓoye tsagar ƙarfen a ƙarƙashinsa.

Sai baƙin ɗigo. Girmansa ba da ido ake zaɓa ba, daga kyamara ake lissafo shi. A ce kyamararka mai fiksel 2448 a kwance ce kuma kana kallon milimita 60 na bututun, kowane milimita fiksel 41 kenan. Ƙa'idar da ƙungiyar masu DIC ta duniya ta rubuta a jagorarta ta 2018 ita ce kowane ɗigo ya ci fiksel 3 zuwa 5, wato anan milimita 0.07 zuwa 0.12, kuma baƙi da fari su kusa raba fili daidai. Wurin ya fito rabe-rabe kamar jikin zabuwa, sai dai ba a jere ba, a warwatse ta yadda babu yanki biyu masu kama ɗaya. Gwangwanin feshi in ka danna shi kai tsaye manyan ɗigo zai baka, dabarar ita ce ka kwantar da bututun a ƙasa ka fesa sama da shi a iska ka bar ƙurar fentin ta sauko da kanta, ka ɗan danna kan rabi-rabi. Wasu kuma garin tona na injin fotokofi suke barbaɗawa ta cikin lallausan kyalle tun farin bai gama bushewa ba, yana bada ƙananan ɗigo masu kyau, masu shagunan fotokofi na bakin get ba zasu hana ka cokali ɗaya ba, amma ka rufe hanci. Ko wacce zaka bi ka gwada a kwali sau da yawa, ka ɗauki hoton kwalin da kyamarar a nisan da zaka yi aiki, ka zuƙo hoton har ka ga fiksel ɗaya-ɗaya ka ƙirga. In ɗigo bai kai fiksel 3 ba kwamfuta zata riƙa ganin motsin da babu shi, in ya yi ƙato kuma dole ka buɗe sabset, wato ɗan yankin hoton da kwamfuta ke bi, ya yi girma ka rasa bayanin bakin tsaga.

Lokacin hunturu kar ka yi feshi a waje, ƙurar Zariya zata zauna a ɗanyen fentin ta zama nata ɗigon wanda zai kakkaɓe a tsakiyar gwaji. Kuma ka yi gwajin cikin kwana ɗaya zuwa biyu da yin fenti, in ya daɗe da yawa yana ƙeƙashewa, ƙarfe na miƙewa shi yana ɓarewa.

Kyamara ɗaya ko biyu

Gaskiya aikin nan na kyamara biyu ne. Kyamara ɗaya bata san abu ya matso kusa da ita ba, ita dai ta ga ya ƙara girma sai ta ce miƙewa ya yi. Lissafin mai sauƙi ne, yawan matsowar a raba da nisan kyamara. In kana nesa da milimita 600 kuma leɓen tsagar ya kumburo rabin milimita, ƙaryar da zata shigo 830 cikin miliyan ce, ka tuna abin da muke nema 1190 ne. Ga kuma gefen bututun da ke lanƙwashewa yana guje wa kyamara. In ɗaya gare ka babu yadda zaka yi, to ka ja da baya sosai da dogon lens, ka tsaya kan 'yar siririyar tsiri da ke fuskantar kyamara kai tsaye, kuma ka taƙaita kan buɗewar tsaga da tsawonta, kar ka yi da'awar taswirar miƙewa.

In biyu ne su zama iri ɗaya da lens iri ɗaya, a ɗaure su tamau a kan sandar ƙarfe guda, a jere su ta tsawon bututun don su biyun su ga tsiri ɗaya, kusurwar da ke tsakaninsu digiri 15 zuwa 35. Marasa kala na masana'anta sun fi, amma kyamarar masu ɗaukar hoton biki tana yi in ka kashe mata duk wani abu na otomatik, fokas da hannu ka naɗe zoben da salatif, ka kashe mai hana rawar hoto, ISO a mafi ƙasa, ƙofar haske f/8 ko f/11 don gefen da ya lanƙwashe ma ya fito, ka ɗauka a RAW ka mayar TIFF. JPEG yana cakuɗa fiksel, kar ka yi. Waya kuwa tana gyara hoto da kanta ba tare da ta tambaye ka ba, ni dai bana bada shawararta sai don koyo. Ka haɗa su biyun a rimot ɗaya, kar ka taɓa jikinsu da hannu.

Haske ka yi amfani da fitilar LED da ke kan batir kai tsaye. Wutar layi tamu mai 50 Hz ce, doguwar fitilar silin tana kyaftawa sau 100 a daƙiƙa, in janareta ne abin ya fi muni, ga kuma a ɗauke wuta kana tsakiyar gwajin da bututu ɗaya gare ka. Ka sa hasken ta gefe kar ya dawo cikin lens, ka duba babu inda fari ya ƙone ya kai 255, wato maƙurar hasken fiksel. Tsagar ta kalli gefe ba sama ba don ruwan da zai ɗiga ya gangara ƙasa. Tsakanin bututu da mutane ka sa garkuwa, tsakaninsa da kyamara kuma farantin roba mai gani garau irin polikabonet, amma ka kafa shi tun kafin kalibireshan, wato koya wa softwaya matsayin kyamarori da lens ɗinsu, kuma kar ya motsa, don yana karya haske.

Kalibireshan ɗin kansa ba wuya, ka buga allon ɗigo ko na dara da softwayar ta yarda da shi a firinta mai kyau, ka manna a gilashi don ya miƙe sumul, ka auna tazarar da ta fito da kalifa domin firinta tana ɗan ragewa ko ƙarawa. Ka riƙe shi a inda bututun zai zauna kana karkata shi gaba, baya, hagu, dama, kusurwa-kusurwa, hoto 25 ko fiye. Kuskuren da zata nuna maka ya zama ƙasa da fiksel 0.1. Daga nan ko gwiwar wani ta taɓi ƙafar kyamara sai an sake. Softwaya ta kyauta akwai Ncorr da aka rubuta a Georgia Tech tana tafiya a MATLAB ta kyamara ɗaya ce, akwai DICe ta Sandia mai yin biyu, akwai MultiDIC daga MIT da aka gina kan Ncorr.

Kafin ka buga famfo

Ka kunna kyamarori da fitilu su yi ɗumi kamar awa ɗaya. Ruwan ma ka bar shi ya huce a ɗakin, alminiyam yana miƙewa 23 cikin miliyan a kowane digiri, in ka ɗebo ruwan tankin sama da ranar watan Afrilu ta gasa ka zuba, yana hucewa bututun na tsukewa, digiri 5 kawai ya baka 115 na banza. Zafin fitila kuma yana sa iskar da ke gaban lens rawa, 'yar fanka a hankali tana hurawa ta gicciye tana maganin wannan, amma kar ta kasance a teburi ɗaya da kyamara.

Sai ka ɗauki hoto 10 ba tare da ka taɓa komai ba ka saka su a softwaya kamar gwaji ne. Amsar gaskiya sifili ce, duk abin da ta nuna maka shine hayaniyar na'urarka. Saiti mai kyau yana bada wajen fiksel 0.01 a motsi. In miƙewar da ta nuna tana yawo 500 sama 500 ƙasa alhali kana neman 1190, kar ka ci gaba, ka koma kan fenti da haske. Bayan haka, in da hali, ka fara gwada bututu lafiyayye marar tsaga, ka hau bar 5, 10, 15, 20 ka ga ko layin ya miƙe ya doshi 1190 ɗin nan. In ya zo kusa, ka samu hujjar da zaka kare kanka da ita gaban malamai ranar difens. In bai zo ba ka auna kaurin bangon da maikromita a wurare da dama, sau tari bututun da aka ce milimita 1 ne baya cika.

Ranar gwajin mutum uku ne, mai famfo, mai rimot, mai rubutu. Hoton farko a sifili. Ku hau bar ɗaya-ɗaya, a tsaya daƙiƙa kaɗan allura ta zauna, a ɗauka, a rubuta lambar hoto da matsi. In kun kai kamar kashi 70 cikin 100 na inda lissafi ya ce zai fashe sai ku rage taku zuwa rabin bar ko ƙasa, in tsagar ta fara motsi kuma a bar rimot yana ɗauka a jere. Da ruwa zaka ga abin sha'awa, tsagar ta ɗan ci gaba, bututun ya buɗe, allura ta sauka da kanta, ta tsaya tana jiran a ƙara bugu. Wannan tafiyar a hankali ita ake nema.

Karanta sakamako

Ka zana yankin aiki ka cire tsagar daga ciki, har da hanyar da ta bi daga baya, domin sabset ɗin da ya hau leɓe biyu lokaci ɗaya shirme zai bada. Ka fara da sabset fiksel 29, taku, wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar sabset da ta na gaba, fiksel 7, ya zama akwai ɗigo uku aƙalla a faɗin kowane sabset. Ka daidaita layin x da tsawon bututun.

To anan ne mutane ke ruɗuwa. Softwaya zata fito maka da hoto mai ja da shuɗi da kore, bakin tsaga ya yi jawur, sai ɗalibi ya karanto lamba mafi girma ya ce ga miƙewar da ƙarfen ya tsage a kai. Wannan lambar ba ta ƙarfen bace, ta saitinka ce. Miƙewar da DIC ke bayarwa matsakaici ne a kan wani fili, girmansa shine tagar lissafi, wato yawan makin da ake haɗawa a jere a fitar da miƙewa, a cire 1, sau taku, a tara da sabset, da taga 5 zaka samu fiksel 57, kusan milimita 1.4. Ka rage filin lambar ta haura, ka ƙara ta sauka, a bakin tsaga bazata taɓa zama wuri ɗaya ba. Ka gwada da kanka da saiti uku ka gani. Abin dogaro shine motsi, wato nawa leɓunan suka buɗe da nawa suka kumburo, don shi kyamara ta auna kai tsaye.

Saboda haka ka ɗora maki biyu a tsakiyar tsagar, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka zana buɗewarsu da matsi. A shimfiɗaɗɗen faranti 4σa/E zai bada milimita 0.057 in σ, wato jan kewaye, MPa 100 ne, naka zai fi haka sosai saboda kumburi, kuma inda layin ya bar miƙewa ya fara lanƙwasa nan ƙarfen bakin tsagar ya fara bada kai. Ka zana kumburin ma ta tsawon tsagar, shine abin da kyamara biyun suka saya maka. Sai ka koma bakin tsagar na asali ka sa maki biyu masu tazarar milimita 5, biyu da rabi kowane gefe, wannan shine δ5 da Schwalbe da mutanensa suka tsara a Jamus musamman don siraran bango.

Kana iya fitar da K daga buɗewar bayan bakin tsaga, buɗewa daidai take da 8K/E sau √(x/2π), x shine nisa daga bakin. Amma ka yi hattara, a K na 36 da ƙarfe mai fara lanƙwasa a MPa 275 yankin da ya riga ya bada kai ya kusa milimita 3, ya ninka kaurin bangon, ga shi kyamara fatar waje kaɗai take gani alhali bangon lanƙwasuwa yake, waje da ciki ba ɗaya ba. Don haka K ɗin ka yarda da shi a ƙananan matsi ka kwatanta da na Folias, in an hau sama ka koma kan kusurwar buɗewa, CTOA. A kowane hoto da tsagar ke tafiya ka nemo bakinta, ka koma baya milimita 1, ka auna buɗewar wurin, kusurwar ita ce 2 sau arctan na rabin buɗewar a raba da nisan. Buɗewar milimita 0.1 tana bada digiri 5.7. Ƙa'idar gwaji ta ASTM E2472 tana ɗaukar awo tsakanin milimita 0.5 da 1.5 a bayan bakin a fitar da matsakaici. Da farko kusurwar zata fito babba, in tsagar ta yi tafiyar kamar kaurin bangon sai ta sauko ta daidaita, wannan daidaitacciyar ita ce lambar ƙarfen. Aikin da NASA ta yi a Langley bayan haɗarin Aloha ya samu wajen digiri 5 zuwa 6 a siririn alminiyam 2024-T3 na jikin jirgi, naka ba lallai ya zo daidai ba tunda ƙarfen daban ne.

Nemo bakin tsagar shi ya fi cin rai. Kar ka dogara da ido a hoton fenti, ka bi taswirar motsin kewaye ka ga inda tsallen da ke tsakanin leɓe biyu ya ƙare, ka haɗa da inda softwaya ta fara kasa gane sabset. Kuskuren fiksel 8 milimita 0.2 ne, a awon da ake yi a milimita 1 wannan kashi 20 cikin 100 ne, don haka mutum biyu su nema daban-daban a kwatanta.

Bututu ɗaya baya isa. Ka yi aƙalla uku da tsaga 10, 20 da 30, ka zana matsin fashewa da tsawon tsaga a kan layin da Folias ya hasaso. A rahoto ka saka kyamara da lens, fiksel nawa a milimita, girman ɗigo, kusurwar kyamarori, sabset, taku, taga, da hayaniyar da ka auna, in babu su ba wanda zai iya maimaita aikinka. Hotunan asali ka kwafe su wuri biyu a daren. Shi kuma bututun ka tsiyaye ruwan ka busar da shi nan take, ka yanko ɓangaren tsagar da zarto daga nesa ba tare da ka haɗa fuskokin biyu suna gogar juna ba, ka duba ta da madubin ƙara girma, zaka ga inda reza ta tsaya da inda yagewar ta fara a miƙe sannan ta karkata wajen digiri 45, ka auna ainihin tsawon tsagar farko daga nan ka gyara a ɗin da ka saka a lissafi.